Sarki ya tsani taba, baitulmalinsa bai tsane ta ba

A shekarar 1604, shekara guda da hawansa gadon sarautar Ingila, Sarki James na Ɗaya ya zauna ya rubuta wata 'yar ƙasida ta zagin taba. Babu abin da ya rage mata. Ya ce abin ƙyama ce ga ido, wari ce ga hanci, cuta ce ga ƙwaƙwalwa, haɗari ce ga huhu, hayaƙinta kuma ya kamanta shi da na ramin wuta. A cikin wannan shekarar ya ɗaga kuɗin fiton taba daga kwabo 2 zuwa sule 6 da kwabo 10 a kan kowace laba, wato abin da bai kai rabin kilo ba. Da yake sule ɗaya kwabo 12 ne a lokacin, ninki 41 ke nan a tashi ɗaya.

Ta fuskar lafiya gaskiya ya faɗa, kuma ya faɗe ta a zamanin da likitoci da yawa a Turai ke ba marasa lafiya taba a matsayin magani. Sai a shekarun 1950 binciken likitoci ya tabbatar da alaƙarta da kansar huhu. Ba shi kaɗai ba ne ma ya damu da wannan baƙon ganye. A farkon ƙarni na 17 malaman Maroko da Timbuktu suna ta muhawara a kan hukuncin shan ta, Sarkin Musulmin Usmaniyya Murad na Huɗu kuwa a 1633 hana ta ya yi, hani mai hukuncin kisa.

Amma kafin James ya rasu a 1625, shi da kansa ya hana talakawansa noma taba a gonakinsu don kada su ɓata wa ta ƙetare kasuwa, ya hana shigo da ta Sifaniya, ya ƙwace ƙasar da ake noma ta daga hannun kamfanin da ya kafa ta ya mayar ƙarƙashin fada. Masu ba da wannan labari sukan yi saurin cewa munafunci ne. Ni ban ga haka ba. Duk alamu sun nuna har ga zuciyarsa ya tsani taba, bai kuma taɓa daina kushe ta ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsanar tasa ba ta hana komai ba. Daga ranar da taba ta fara zuba kuɗi a baitulmali, duk wata doka da fada ta yi a kanta sai ta karkata wajen kare wannan kuɗi, ko da kuwa an buɗe shelar da maganar lafiyar jama'a da tarbiyyarsu.

Harajin 1604 bai yi aikin da aka ce zai yi ba. Mutane ba su daina sha ba, 'yan fasa-ƙwauri ne suka samu sana'a, ga Ingila tsibiri ce mai lunguna da yawa a bakin teku. A 1608 aka sauko da shi zuwa sule 1. A nan ne tunanin fada ya fara juyawa: harajin da ya yi tsanani har aka daina biya ba shi da amfani ga sarkin da bashi ya kai masa wuya. James mutum ne mai sakin hannu, kyauta ga 'yan gaban goshi, hidimar fada ba iyaka. Majalisar dokoki kuma ba ta ba da kuɗi sai ta kawo ƙorafe-ƙorafenta. Kuɗin fito shi ne ƙofar da sarki zai bi ba tare da ya roƙi kowa ba, musamman bayan wata shari'a ta 1606, wadda wani ɗan kasuwa mai suna John Bate ya ƙi biyan ƙarin kuɗin fito a kan busasshen inabi, alƙalai suka ce sarki yana da ikon ɗora irin wannan ƙari da kansa. Duk laba ɗaya ta taba da ta sauka a tashar jirgin ruwan Landan, 'yanci ce ga sarki daga hannun majalisa. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba ba zai gane sauran labarin ba.

Lokacin da ake wannan, tabar da Ingila ke sha kusan duk ta Sifaniya ce, daga ƙasashen da take mulka a Amurka. Kuɗin Ingila ke fita zuwa hannun kishiyarta. Sai ga Virginia, wani yanki a gaɓar tekun Amurka ta Arewa. Wani kamfani na attajiran Landan ya samu takardar izinin sarki a 1606, ya kafa garin Jamestown a 1607 da fatan samun zinariya. Babu zinariya, sai yunwa da zazzaɓi. A hunturun 1609 zuwa 1610 mutum wajen 60 kawai suka tsira da rai. A 1612 John Rolfe, wanda daga baya ya auri Pocahontas 'yar sarkin al'ummar Powhatan, ya gwada shuka irin tabar da ake nomawa a yankunan Sifaniya, mai daɗin sha fiye da ta gargajiyar wurin. Ta yi. A 1617 an kai laba wajen 20,000 Ingila, har a kan titunan Jamestown ana shuka ta. Taba ta zama kuɗi a zahiri: da ita ake biyan bashi, da ita ake biyan tara, da ita ake biyan limaman coci. Majalisar farko da mazauna Virginia suka yi a 1619 ta yanka wa mai kyau farashin sule 3, mai bi mata sule 1 da sisi. Har 'yan matan da kamfani ya kai domin aure, wanda ya auri ɗaya yakan biya kuɗin jirginta da taba, laba 120, daga baya 150.

James bai ji daɗin haka ba. Ya yi ta matsa wa kamfanin a kan su shuka itacen da tsutsar siliki ke ci, su noma inabi. Manoma suka ji, suka ce to, suka koma wa tabarsu, don babu abin da ke kawo ko kusa da abin da take kawowa.

Cinikin da aka ƙulla a ƙarshen 1619 shi ne ya fi fito da abin fili. Takardar izinin kamfanin ta rangwanta masa kuɗin fito ƙwarai. Fada ta so ƙari. Kamfanin ya yarda zai riƙa biyan sule 1 a kan kowace laba, da sharaɗin sarki ya hana noman taba a cikin Ingila. A watan Disamba aka yi shelar hanin. Hujjar da aka rubuta a ciki ita ce tabar da ƙasar Ingila ke fitarwa ta fi ta ƙasashe masu zafi ɗanyantaka da guba, kuma ana ɓata ƙasar da ya kamata a noma abinci. To amma hujjar da ba a rubuta ba kowa ya san ta: tabar da aka noma a bayan gida ba ta bi ta kwastan. Ba za a iya aunata a tashar jirgi ba, ba za a iya ɗora mata ko anini ba. Tabar da ta tsallako teku kuwa ƙofarta ɗaya ce.

Kamfanin ma bai daɗe yana murna ba. A 1620 sarki ya ba wasu 'yan kasuwa, cikinsu har da Sir Thomas Roe, ikon su kaɗai za su shigo da taba, aka kuma ƙayyade wa Virginia da tsibirin Bermuda laba 55,000 a shekara. Kamfanin ya ce tunda haka ne, sai ya karkata kayansa zuwa Holan. A 1621 majalisar sarki ta ba da umarnin duk tabar Virginia sai ta fara sauka a Ingila ta biya fito kafin ta wuce ko'ina. Aka shiga tattauna wata sabuwar kwangila tsakanin ma'ajin sarki Lionel Cranfield da jagoran kamfanin Sir Edwin Sandys, masu hannun jari suka kaure da rigima a kan albashin da shugabanni suka yanka wa kansu, zancen ya watse. A 1624 kotu ta soke takardar izinin kamfanin, Virginia ta koma mallakin sarki kai tsaye. A wannan shekarar, bayan zancen auren ɗansa Charles da 'yar sarkin Sifaniya ya lalace, aka hana shigo da tabar Sifaniya. Muddin ana zawarcin Sifaniya tabarta tana shigowa. Da zawarci ya mutu sai aka tuna da amfanin 'yan ƙasa.

Charles na Ɗaya ya gaji uban a tsanar da kuma buƙatar. Shi ne ya yi ƙorafin cewa Virginia kacokan a kan hayaƙi aka gina ta. Shi ne kuma, a shekarun da ya yi mulki babu majalisa daga 1629 zuwa 1640, ya kafa dokar cewa babu mai sayar da taba a gari ko ƙauye sai da lasin na fada, wanda ake biya duk shekara. An ce don a rage yawan shan ta ne. Lasin da ake sayarwa don a rage sha, amma kuɗinsa ya dogara ga yawan masu saye, kowa ya san inda zai dosa.

Akwai masu kare wannan tsari, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ba don kariyar fada ba da Virginia ta mutu tun tana jaririya. Tabar Sifaniya ta fi tata kyau a lokacin, masu hali ita suke nema. Hana ta, da hana noman gida, ya ba manomin Virginia kasuwar da babu mai ja da shi. Jiragen yaƙin sarki ne kuma ke raka jiragen taba lokacin yaƙi. Daga baya ma tabar da aka sake fitarwa daga Ingila zuwa Turai ana mayar wa ɗan kasuwa mafi yawan kuɗin fiton da ya biya. Duk wannan gaskiya ne. Har a yau ma hujjar tsawwala wa taba haraji tana da ƙarfi: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na farashin da mai saye ke biya, don tsada tana rage sha, musamman ga matasa. Ba ni da ja a kan haka, ina ma goyon baya. Tambayata ga kowace gwamnati mai karɓar irin wannan kuɗi ɗaya ce: ranar da aka daina shan taba, kuɗin ya ƙafe, murna za ta yi ko juyayi? A Ingila ta ƙarni na 17 an sha yi wa fada wannan tambaya a aikace, kuma amsarta ba ta taɓa canjawa ba.

A duba Winchcombe, wani ƙaramin gari a gundumar Gloucestershire, yankin talakawa da masaƙa da aikin yi ya yi wa ƙaranci. Tun wajen 1619 aka fara noman taba a can, kuma shelar sarki ba ta hana su ba. Noma ne mai cin hannu, daga renon iri zuwa dashe, cire kai, tsinke ganye da shanya, don haka mata da yara da tsofaffi duk suna samun na sawa a baki. Masu unguwanni da alƙalan yankin suka riƙa kau da kai, wasu don da su ake ci, wasu don sun san in an hana, ciyar da matalautan a wuyansu zai dawo. Aka yi yaƙin basasa, aka fille kan Charles a 1649, aka kafa mulkin da babu sarki. Mai tunanin cewa laifin na sarauta ne zai zaci an sakar wa manoman nan mara. Ina! A 1652 majalisar da ta kashe sarki ta sake kafa dokar hanin. A 1658, zamanin Oliver Cromwell, sojan da ya shugabanci mulkin da babu sarki, aka tura dakarun doki su lalata gonakin da ke kewayen garin Cheltenham, kusa da Winchcombe, suka tarar da taron maza da mata sun fito da makamai, dole suka juya. Da sarauta ta dawo a 1660 aka sake kafa dokar, aka haɗa har da Ireland. Samuel Pepys, ma'aikacin hukumar sojan ruwa, ya rubuta a 1667 cewa dogaran sarki da aka ga sun fita, mutane suna zaton tawaye za su kwantar, ashe Winchcombe aka tura su su ɓata taba. Sai wajen 1690 noman ya mutu, kuma arhar tabar Virginia ta taimaka wajen kashe shi kamar yadda sojoji suka taimaka. Sarki, majalisa, soja, sarki kuma: masu mulki sun sauya har sau nawa, dokar tana nan, don baitulmalin ɗaya ne.

Shi manomin Virginia da aka ce don shi ake wannan duka, me ya samu? Farashin sule 3 bai daɗe ba. Kowa ya shiga noman, Maryland, maƙwabciyar Virginia, ita ma ta shigo daga 1634, kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi warwas. Sai dokokin jiragen ruwa na 1651 da 1660 suka rufe masa ƙofar da ta rage. Dokar 1660 ta jera wasu kaya, cikinsu da taba da sukari da auduga da baba, ta ce ba za a kai su ko'ina ba sai Ingila ko ƙasashen da take mulka, kuma a jirgin Ingila. 'Yan Holan da ke zuwa har bakin gona su saya da daraja, su kawo kaya da arha, aka kore su. A 1673 aka ɗora kwabo 1 a kan tabar da ake kaiwa daga wannan yanki na mulkin mallaka zuwa wancan, don a toshe masu zagayawa ta bayan fage. Wanda ya ji labarin hukumar sayen gyaɗa da aka kafa a Najeriya a 1949, yadda manomi ba shi da inda zai kai kayansa sai ƙofa ɗaya kuma a farashin da aka yanka masa, ba zai ga wannan tsari baƙo ba.

A shekarun 1660 manomi yakan sayar da laba a kan kwabo ɗaya ko kusa da haka, kwastan kuma yana karɓar kwabo 2 a kan wannan labar idan an sha ta a Ingila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu tarihi sun kiyasta cewa a wannan lokaci taba ce ke kawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk kuɗin kwastan na Ingila. Gwamnan Virginia da kansa, Sir William Berkeley, wanda ba a taɓa zargi da ƙin sarauta ba, ya yi ta kuka da waɗannan dokoki.

Lissafin a nan yake. Manomi yana son kaya ya yi ƙaranci don farashi ya tashi. Fada tana karɓar kuɗinta a kan nauyi, ko farashi ya tashi ko ya faɗi, don haka abin da take so shi ne laba ta yi yawa. A 1666 Virginia da Maryland da Carolina suka daidaita a kan za su huta da noman taba shekara guda. Lord Baltimore, mai Maryland, ya soke yarjejeniyar, Landan kuma ba ta taɓa maraba da irin wannan shawara ba. Da a ce rage shan taba ne manufar, ai ga dama ta samu, manoma da bakinsu suna roƙo a bar su su rage.

Tunda an hana manomi ɗaga farashi, sai ya juya ga abin da yake da iko a kai, wato ƙasa da ma'aikaci. Taba tana cinye ƙarfin ƙasa cikin shekara uku ko huɗu, sai an share sabon daji, dajin kuwa na mutanen Powhatan ne. Harin da suka kai a watan Maris na 1622, wanda ya kashe Turawa 347, martani ne ga wannan mamaya, ramuwar da ta biyo baya kuma ta ɗaiɗaita su. Ma'aikatan farko talakawan Ingila ne da suka jinginar da shekara huɗu zuwa bakwai na rayuwarsu a bakin kuɗin jirgi, da yawa ba su kai ƙarshen wa'adin da rai ba. Tun watan Agusta na 1619 aka sauke 'yan Afirka 20 da ɗoriya a Point Comfort da ke gaɓar Virginia, waɗanda aka kamo daga yankin Angola, amma sai da aka ɗau shekaru kafin su yi yawa. A 1662 majalisar Virginia ta kafa dokar cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, wato ɗan baiwa bawa ne ko wane ne ubansa. A 1671 Berkeley ya kiyasta mutanen Virginia 40,000, cikinsu barorin wa'adi 6,000, bayi baƙar fata 2,000. Zuwa ƙarshen ƙarnin ma'aunin ya juye, kuma da yawan waɗanda aka kai a farkon ƙarni na 18 daga gaɓar Bonny da Kalaba aka ɗebo su. Ba na cewa dokar kwastan ce ta haifi bauta a Virginia. Kwaɗayin masu gonaki ya ishe su laifi. Amma fada ba 'yar kallo ba ce. Kamfanin cinikin bayi da aka ba takardar izini a 1672, ƙanin sarkin lokacin, Charles na Biyu, ne shugabansa, James mai sarautar York. Gida ɗaya ne ke cin riba a kan mutumin da aka kai gona da kuma ganyen da ya tsinko.

A 1682 farashi ya sake faɗuwa, aka ƙi barin majalisar Virginia ta yi dokar tsagaita noma. Sai ƙananan manoma a wata gunduma, wadda ita ma sunanta Gloucester, suka fara sare tabarsu da hannunsu, suka bi gonakin maƙwabta cikin dare suna sarewa, abin ya bazu zuwa gundumomin kusa. A Gloucestershire ta Ingila sojan sarki ne ke sare taba, manomi yana tare shi da makami. A Gloucester ta Virginia manomi ne ke sarewa, aka tura masa dakaru. Aiki ɗaya, ganye ɗaya, shekaru kusan ɗaya: a can bin doka ne, a nan aka kira shi cin amanar sarki, aka rataye mutum biyu. Bambancin kawai shi ne wadda aka sare a Virginia da ta bi ta kwastan.

Shekara uku bayan haka, a 1685, shi wannan James mai sarautar York ya hau gadon mulki, majalisa ta amince masa ya ƙara kwabo 3 a kan kowace laba, fito ya koma kwabo 5. Kafin ƙarnin ya ƙare, tabar da ke shiga Ingila daga Virginia da Maryland ta haura laba miliyan 20 a shekara.